Fitilun ado da nake sarrafawa daga wayata, da abin da ya kamata ka sani kafin ka haɗa naka

Jama'a assalamu alaikum. Duk mazaunin Jos ya san yadda ake rububin fitilun ado idan Maulidi ya gabato ko Kirsimeti ko Sallah, ka bi ta Terminus ko Ahmadu Bello Way da yamma za ka gansu rataye a bakin shaguna, ja da kore da shuɗi suna ta walƙiya. Suna da kyau ba laifi, amma abin da aka saka musu daga masana'anta shi za su yi ta maimaitawa har ranar da za su mutu. Ɗan akwatin nan mai maɓalli ɗaya ka danna ya canja salo, ka sake dannawa ya sake canjawa, da ka zagaye salon nan guda takwas shi ke nan ka gama da shi. Ba ka isa ka ce ƙwan farko ya yi kore na biyu ya yi fari ba, ba ka isa ka ce su kunna kansu da magariba su mutu ƙarfe goma sha ɗaya ba.

Wannan ne ya sa na haɗa nawa da kaina, igiyar fitila ce ta zagaye baranda da saman ƙofar gida, an jona ta da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ina kwance a ɗaki in buɗe waya in canja launi ko in rage haske ko in kashe. Mutane da yawa da suka gani abin da suke fara tambaya shi ne rubutun manhajar, wai ai sai wanda ya karanci kwamfuta. Gaskiya ba nan wahalar take ba. Manhaja wasu sun riga sun rubuta sun ajiye kyauta a intanet. Inda aikin yake shi ne wajen wuta, nawa fitilun za su ja, ta wace waya za ta bi, sannan me zai faru idan aka ɗauke wutar tsakiyar aiki, wanda mu a nan ba sai an gaya mana ba. Galibin bidiyoyin da ake koyarwa a YouTube mutanen Amurka da Turai ne suka yi su, su ba su san wannan damuwar ba, shi ya sa ba sa tsayawa a kanta.

Fitilar da ake nema sunanta WS2812B, wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Worldsemi ke yin ta, wasu kuma sun fi saninta da NeoPixel, sunan da kamfanin Adafruit ya saka mata. Tana zuwa a naɗe a faifai, galibi mita 5, akwai mai ƙwai 30 a kowace mita akwai mai 60 akwai mai 144. Ka kula sosai wajen saye domin akwai wata mai kama da ita mai wayoyi huɗu da ake haɗawa da rimot, ita wannan duk ƙwayayenta launi ɗaya suke yi lokaci guda, ba ita ba ce. Tamu wayoyi uku ne da ita, fositif na bolt 5, nagatif, sai ta tsakiya wadda saƙo ke bi. A cikin kowane ƙwai akwai 'yan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, da wata 'yar ƙwaƙwalwa ƙarama ƙwarai. Kowane launi ana ba shi lamba daga 0 zuwa 255, idan ka haɗa ukun za ka samu launi sama da miliyan 16. Yadda saƙon ke tafiya kuwa kamar yadda ake miƙa faranti a wajen walima ne, na farko ya ɗauki rabonsa ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya ɗauki nasa ya miƙa gaba. Kowane ƙwai yana cire bit 24 na farko, wato lambobin launukansa uku, ya tura sauran, kuma abin da sauri yake, ƙwai 300 ba sa cin fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin saƙo ya kai ƙarshe, shi ya sa ido ke ganin haske na gudu sumul ba tsalle-tsalle.

Ita kuma Raspberry Pi a Ingila aka ƙirƙiro ta, a birnin Kambirij, ta fara fitowa kasuwa a 2012 da niyyar yara su koyi kwamfuta da abu mai araha. Don wannan aikin ba ka buƙatar babba. Pi Zero 2 W da ta fito a 2021 a kan dala 15 ta isa har ta yi yawa, tana da waifai a jikinta. Idan kana da tsohuwar Pi 3 ko Pi 4 a ajiye ita ma daidai ne. Wadda ba zan ba ka shawarar saye don wannan ba ita ce Pi 5 ta 2023, ga tsada, sannan an canja yadda ƙafafuwanta, wato ƙananan tsinkayen ƙarfen da ake jona waya a kansu, ke aiki ta yadda tsohuwar hanyar tura wa fitilun nan saƙo ba ta tafiya a kanta kai tsaye, sai ka sha zagaye. Kuɗin da za ka ƙara a kanta gara ka sa shi a adafta mai kyau.

To mu zo kan wutar. Kowane ƙwai idan ya kunna fari da cikakken haske yana iya jan kusan miliamfiya 60, wato 20 ga kowane launi. Ka ɗauki mita 5 mai ƙwai 60 a mita, ƙwai 300 ke nan, ka ninka da 60 ya ba ka amfiya 18. Amfiya 18 fa ɗan'uwa, a bolt 5 wat 90 ke nan. Cajar wayarka mafi yawa amfiya 2 take bayarwa ko 3. Shi ya sa wanda ya jona igiyar a jikin Pi kai tsaye zai ga ta yi ta mutuwa tana tashi, wani lokacin ma ya ƙona ta gaba ɗaya. Fitila da wutarta daban, Pi saƙo kawai take turawa. Gaskiya ne a zahiri ba kullum ake kaiwa amfiya 18 ɗin ba, idan launi ɗaya ka kunna ko ka rage haske zuwa rabi abin yana sauka sosai, kuma da dare rabin haske ma ya isa ya haska ƙofar gida har maƙwabta su gani. Ni abin da na yi shi ne na ɗaure hasken a cikin manhajar ta yadda ko yaro ya ja shi zuwa ƙarshe a waya ba zai wuce abin da adaftar za ta iya ɗauka ba. Amma ka yi lissafinka da mafi munin yanayi, ka sayi adafta mai sauran numfashi, kar ka sayi wadda za ta yi ta aiki a iyakar ƙarfinta duk dare tana zafi.

Adaftar da ake amfani da ita irin mai akwatin ƙarfe ce mai huji-huji, ana rubuta mata 5V 10A ko 5V 20A. Wasu suna da ɗan maɓalli a gefe na 110 da 220, ka duba ka tabbata yana kan 220 kafin ka kai ta soket, domin wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce. Sannan wajen da ake ɗaure wayoyin wutar gida a jikinta a buɗe yake, hannu na iya taɓawa. Don Allah a sa ta cikin akwatin roba mai murfi a kafe ta sama inda yara ba sa kaiwa, a bar mata ɗan wurin shan iska. Idan ba ka saba da wutar gida ba ka kira mai gyaran wuta ya yi maka wannan ɓangaren kawai, sauran na bolt 5 ba ya jan mutum.

Sai abu na biyu da ke ruɗa mutane. Ka kunna fari, farkon igiyar fari tas, tsakiya ta fara komawa ruwan ɗorawa, ƙarshe kuma ja-ja, sai mutum ya ce an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ne. Tagullar da ke cikin igiyar siririya ce, wuta na raguwa tana tafiya, kuma shuɗi ya fi ja buƙatar bolt, don haka shi ke fara suma, ja ya rage shi kaɗai. Maganinsa ka ja wasu wayoyi biyu masu kauri daga adafta kai tsaye zuwa ƙarshen igiyar ka ciyar da ita ta can ma, idan ta fi mita 5 ka ƙara ta tsakiya. Irin wayar 1.5 ko 2.5 da masu wayarin ɗin gida ke amfani da ita ta yi, amma ta tagulla ta gaske, ka kankare bakinta ka gani da idonka domin akwai wadda fentin tagulla ne kawai a sama. Ka sa fiyus a kan fositif kusa da adafta. Idan wurin da za ka zagaye yana da tsawo sosai, kamar katangar masallaci ko coci ko gaban shago mai faɗi, ka nemi mai bolt 12 irin WS2815, ita ba ta saurin raguwa haka, kuma tana da wayar saƙo ta biyu ta yadda ko ƙwai ɗaya ya mutu sauran za su ci gaba.

Haɗin kansa ba yawa. Nagatif ɗin adafta da nagatif ɗin Pi dole su haɗu, idan ba su haɗu ba fitilun za su yi ta hauka da launukan da ba ka ce ba. Wayar saƙo tana fita daga ƙafar da ake kira GPIO18, ita ce ta 12 idan kana ƙirga ƙafafuwan a jere. Ka sa rasista mai om 330 ko 470 kafin ƙwan farko, ka sa kafasita mai maikrofarad 1000 tsakanin fositif da nagatif a bakin igiyar, masu gyaran rediyo da talabijin suna da su duka. Pi tana magana da bolt 3.3 ita kuma fitila ta fi jin 5, wani lokacin tana ji haka nan idan wayar gajera ce, wani lokacin sai ta fara ƙyafta ido ba dalili, don haka ka sa ɗan guntun 74AHCT125 a tsakani ya ɗaga siginar ka huta. Kuma akwai kibiya a jikin igiyar, saƙo hanya ɗaya yake bi, ka shigar ta inda aka rubuta DIN.

Wanda yake da sola a gida, kuma yanzu a Jos gidaje da yawa suna da ita, yana da wata hanya da ni na fi so. Maimakon batir ya ba inbata, inbata ta mai da wutar 230, adafta ta sake dawo da ita 5, ka sayi ɗan akwatin rage bolt da ke karɓar 12 ko 24 ya fitar da 5, ka ja kai tsaye daga batir da fiyus a kusa da shi. Asara ta ragu, kuma ko an ɗauke wuta ko an kawo fitilarka ba ta sani ba. Kar dai ka jona igiya mai bolt 12 a kan batir tsirara kana cewa ai duk 12 ne, batir idan yana caji yana haura 14.

Ɓangaren manhaja zan bi shi da sauri. Akwai Raspberry Pi Imager da ake saukewa a laftof, da ita ake zuba tsarin a katin memori, kuma tun a nan za ka saka sunan waifai da lambar sirri ta yadda ba sai ka nemo wa Pi allo da kibod ba. Laburaren da ke tura saƙon, wato shirin da wasu suka riga suka rubuta, sunansa rpi_ws281x, ana kiransa daga Python, harshen da ake rubuta manhajar da shi. Abu biyu ke tsayar da mutane, na farko sai ka gudanar da shi da sudo, umarnin da ke ba shi cikakken izini, na biyu sashen da ke fitar da sauti a Pi yana amfani da hanya ɗaya da GPIO18, don haka sai ka shiga fayil ɗin saiti na config.txt ka mai da layin sauti dtparam=audio=off. Manhajar waya kuwa ba sai ka yi wadda za a sauke daga Play Store ba. Da Flask, wani laburaren Python na yin shafin yanar gizo, za ka yi ɗan shafi mai maɓallai da wurin zaɓen launi da abin jan haske, Pi ta riƙe shi, kai kuma ka buɗe shi a burauzar waya, ka ajiye shi a fuskar wayar ya zama kamar manhaja. Nawa da Hausa na rubuta maɓallan, kunna, kashe, ƙara haske, Sallah, biki, saboda Hajiya ma ta iya dannawa ba sai ta kira wani ba. Ka dai raba aikin biyu, wasan fitilar ya yi ta zagayawa a gefe guda, shafin kuma ya canja masa umarni kawai, idan ka haɗa su a layi ɗaya shafin zai daskare yana jiran wasan da ba ya ƙarewa. Kuma duk wannan ba ya cin data, tsakanin wayarka da Pi ne a cikin gida, kana ma iya mai da Pi ɗin kanta ta zama waifai idan ba ku da rauta. Ban ga amfanin buɗe ta ga intanet ba, me za ka yi da canja launin baranda kana Bukuru.

Yanzu maganar ɗauke wuta, wadda a wajena ita ce ta raba aikin da zai daɗe da wanda zai mutu cikin mako. Pi kwamfuta ce cikakkiya, kullum tana ɗan rubutu a katin memori, idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu katin na iya lalacewa ta ƙi tashi. A cikin raspi-config, wurin saitin Pi, akwai zaɓin da ke kulle katin ya zama karantawa kawai, duk abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake tsayawa ya ɓace idan an kashe. Ka gama duk gyare-gyarenka tukuna sannan ka kunna shi, idan za ka sake gyara ka buɗe. Ka kuma yi kwafin katin ka ajiye a laftof. Na biyu ka yi wa shirinka rajista a systemd, sashen da ke tayar da shirye-shirye idan Pi ta kunna, don ya tashi da kansa duk lokacin da wuta ta dawo. Na uku agogo. Pi Zero da Pi 3 da Pi 4 ba su da agogo mai batir, daga intanet suke tambayar lokaci, idan babu intanet bayan ɗaukewar wuta sai su tashi da tsohon lokaci, fitila ta kunna da rana tsaka. Ɗan guntun DS3231 mai batir irin na agogon hannu ya magance wannan, kuma ba shi da tsada.

Da agogo ya daidaita sai abin ya fara daɗi. Akwai laburaren Python mai suna astral da ke lissafa faɗuwar rana idan ka ba shi inda garinku yake, don haka fitilar tana bin magariba duk shekara ba sai ka yi ta gyara lokaci ba. Da azumi na sa ta fara da ɗan haske ruwan goro kafin faɗuwar rana tana ƙaruwa a hankali, lokaci na yi ta koma kore, yara suna son wannan ba kaɗan ba, suna zama a baranda da dabino a hannu suna kallo. Amma na gaya musu a fili ba da fitila ake shan ruwa ba, sai an ji ladan, ita ado ce kawai.

Duk da na yi nawa da Pi, idan ka tambaye ni tsakani da Allah me zan ce wa wanda fitilar kawai yake so, zan ce ya sayi ESP32 ya zuba mata manhajar WLED. ESP32 ɗan allo ne na kamfanin Espressif da ke Shanghai, ya fi Pi araha nesa ba kusa ba, ba ya amfani da katin memori, a ɗauke wuta sau ɗari a dawo da ita zai tashi cikin daƙiƙu kaɗan. WLED kuma wani Bajamushe Christian Schwinne ya fara rubuta ta, kyauta ce, daga burauza ake zuba ta da kebul, tana da salo sama da 100 da manhajar waya a shirye, har da wurin da za ka rubuta ƙarfin adaftarka ta hana fitilun wuce shi. Tana zuwa a ɗaure a miliamfiya 850, shi ya sa sabon shiga ke ganin hasken ya yi rauni, sai ka shiga ka gyara lambar daidai da adaftarka. Pi tana da ranarta ga wanda yake son koyo, ɗalibin Jami'ar Jos ko na kwalejin fasaha da ke son ya taɓa Python da Linux da hannunsa ya ga layi biyar na rubutu sun canja launin ƙofar gidansu. Wannan gani da ido yana sa wa yaro son abin fiye da duk wani darasin allo, kuma ni saboda ƙannena na zaɓe ta.

Yanayin Jos ma sai an yi masa shiri. Da damina ruwanmu da iska da tsawa yake zuwa, wani lokacin har da ƙanƙara. Igiyar da aka rubuta wa IP30 tsirara take, ta cikin ɗaki ce. IP65 an shafe samanta da roba, ta yi a ƙarƙashin rumfa. Wadda ruwa zai daka kai tsaye sai IP67 mai cikin bututun roba, kuma duk inda ka yanka ka haɗa ka toshe shi da silikon domin ta nan ruwa ke shiga. Gam ɗin da ke bayanta kar ka yarda da shi, ƙurar hunturu da sanyin Disamba suna sa ya saki, ka kama ta da 'yan maƙalai ko ka sa ta cikin kwaroron alminiyam. Idan hadari ya haɗu da tsawa a zare filogi.

Igiya ɗaya ce take yi mana komai yanzu. Kore da fari ranar 1 ga Oktoba, kore da ruwan zinare da Maulidi da Sallah, da bikin ƙanwata aka sa ta launin ankon da suka fitar. Maƙwabcinmu da ke bikin Kirsimeti ya ga tamu ya ce shi ma yana so, muka haɗa masa da ESP32 a gidansa, ja da kore da fari suna bin juna a saman taga, 'ya'yansa da namu ne suka zaɓi salon tare suna ta gardama kan gudun ya yi yawa ko bai yi ba.

Idan wata rana ka ga rabin igiyar na aiki rabi ya mutu, kar ka jefar. Kusan kullum ƙwai ɗaya ne ya lalace ya tare saƙo, ko na ƙarshen masu haske ko na farkon matattun. Tsakanin kowane ƙwai da na gaba akwai layin yanka da ɗigon tagulla uku, ka kashe wuta, ka sa almakashi ka cire biyun duka, ka haɗa bakin da ƙarfen solda da dalma kana kula kibiyoyin su kalli gefe ɗaya, sannan ka rage 2 daga adadin ƙwan da ka rubuta a manhajar.